Ɗalibi ya ƙera na'ura, ya raba zanenta kyauta: me aka buɗe, me ya rage a kulle?

A shekarar 2005 wata ɗalibar injiniyan lantarki a jami'ar MIT ta Amurka, Limor Fried, ta fara sayar da kayan haɗa ƙananan na'urori daga ɗakinta na kwanan ɗalibai. Da farko sha'awa ce kawai. Ta haɗa abu, ta ɗauki hotonsa, ta rubuta yadda ta yi daki-daki, ta saka a intanet. Sai mutane suka ishe ta da tambaya: bayani dai mun gani, kayan fa a ina za mu samu? Daga nan kamfanin Adafruit ya samo asali, wanda yanzu yake da masana'antarsa a New York. Cikin kayanta na farko da suka yi suna akwai MintyBoost, wata 'yar caja mai batir biyu da ake cusawa a gwangwanin alewa. Shekara biyu kafin ita, a 2003, Nathan Seidle yana ɗalibi a Jami'ar Colorado da ke Boulder ya kafa SparkFun, saboda wahalar da ya sha wajen sayen kayan haɗi.

Abin da ke ɗaure kai a labarin mutanen biyu shi ne, kusan duk abin da suka zana suka sayar, sun saki zanensa a fili, kowa ya ɗauka ya ƙera irinsa, ya sayar ma idan ya ga dama. Mu kuwa mun saba mai sana'a yana riƙe sirrinsa, yaron shago sai ya yi shekaru kafin a bar shi ya ga yadda ake yin wani abin. To ta yaya mutum zai ba da sirrin sana'arsa kuma ya ci abinci da ita? Amsar tana wajen gane abin da aka ba da da abin da aka riƙe, domin wannan harka ta buɗaɗɗen tushe, wato sakin zanen abu a fili kowa ya yi amfani da shi, hawa-hawa ce, kuma ba kowane hawa ne a buɗe ba.

A manhaja lamarin da sauƙi. Wanda ya saki rubutun manhajarsa ya ba ka ita ɗungurungum, ka kwafe ta sau dubu ba ka kashe kwabo ba. Na'ura ba ta kwafuwa haka. Kamar tela ne ya ba ka awo da takardar yanka kyauta: yadi da zare da keken ɗinki duk daga aljihunka. Abin da ɗalibi ke saki idan ya ce ya buɗe na'urarsa takardu ne. Akwai taswirar da ke nuna wace ƙafa ke haɗe da wace. Akwai zanen fanel ɗin kansa, wato yadda hanyoyin tagulla suka bi a kan allon da inda za a huda. Akwai jerin kayan da ake buƙata, kowace resista da kafasita da lambarta. Sai manhajar da ake ɗora wa ƙwaƙwalwar na'urar, wani lokaci har da zanen gidan robar da za a saka ta. Ƙungiyar OSHWA, wadda aka kafa a 2012 don kula da wannan fanni, tana da sharuɗɗa biyu da yawancin masu farawa ke tsallakewa. Na ɗaya, a saki ainihin fayil ɗin da za a iya buɗewa a gyara. Hoton taswira kawai bai wadatar ba. Na biyu, kada a hana kasuwanci da zanen. Wanda ya rubuta cewa a yi amfani da zanensa amma ban da sayarwa ya yi kyauta, sai dai a ma'aunin ƙungiyar abin nasa bai buɗe ba.

Amfanin wannan ba ya fitowa sosai sai an zo kan aiki. Ɗauki na'urar da ɗalibai ke yawan haɗawa, mai auna ruwan tanki ta kunna famfo ko ta kashe shi. Kayanta ba su da yawa: allon Arduino Uno, wato ƙaramin allo mai ƙwaƙwalwa da ake rubuta wa umarni, sensa mai suna HC-SR04, da rile, wato makunnin da allon ke kunna famfon da shi. Sensar tana da idanu biyu kamar na kwaɗo. Ɗaya na harba sauti mai kaɗawa sau 40,000 a daƙiƙa, wanda kunnen mutum ba ya ji, ɗayan na sauraren amsa-kuwwarsa idan ya daki saman ruwa ya dawo. Allon yana ƙirga lokacin da sautin ya ɗauka, ya mayar da shi nisa. A yawancin manhajojin da ake kwafa za ka tarar da lamba 58 a wani layi: a raba lokacin, wanda ake ƙirgawa da kashi ɗaya cikin miliyan na daƙiƙa, da 58, a samu santimita. Daga ina 58 ta fito? Daga gudun sauti a iska mai zafin digiri 20, wato kusan mita 343 a daƙiƙa, tafiya da dawowa. Amma tankin baƙar roba da ke kan rufi a watan Afrilu ba ruwansa da digiri 20. A digiri 40 sauti na gudun kusan mita 355, saboda haka ya fi saurin dawowa, na'urar ta ɗauka ruwa ya fi kusa da yadda yake. A tanki mai zurfin mita 2 da ya kusa ƙarewa, kuskuren ya kai wajen santimita 7. Da a ce na'urar kanti ce da aka rufe da gam, sai dai ka zauna da ita a haka. Nan kuwa layin yana gabanka. Ka ƙara sensar zafi, ka sa lissafin ya riƙa bin yanayi, ka rubuta dalilin gyaran, na bayanka ya huta.

Kuma ba nan matsalolin suka tsaya ba. Ruwa na shiga tanki yana tangal-tangal, idan ma'auni ɗaya aka sa na kunnawa da kashewa, famfon zai riƙa tashi yana mutuwa har ya ƙone. Sai an ba shi iyaka biyu, ya tashi idan ruwa ya yi ƙasa sosai, ya tsaya idan ya kusa baki. Ƙafar Arduino ba ta ba da wuta mai yawa, miliamfiya 20 ake so a ja daga gare ta, don haka ba ta iya jan rile kai tsaye sai da taransista a tsakani. Famfo idan ya tashi yakan jefa hayaniya a layin wuta, allon ya rikice ya sake farawa. Ita kanta HC-SR04 ba ta jure laima, a cikin tanki tsatsa ke cinye ta, shi ya sa ake komawa ga JSN-SR04T mai jure ruwa, wadda ita kuma ba ta ganin abin da ya matso ta fiye da kusan santimita 20. Sannan ɓangaren famfo wutar gida ce, bolt 230, mai kisa. Wannan wurin ba a koyonsa da gwaji. Duk waɗannan darussa wani ne ya ƙona kayansa ya gano su, ya kuma rubuta. A ganina wannan rubutun ya fi zanen kansa daraja.

Shi wannan allon na Arduino da ya mamaye teburan ɗalibai daga makaranta ya fito. A garin Ivrea da ke arewacin Italiya, mahaifar kamfanin Olivetti, an yi wata cibiyar koyar da zane da fasaha. Ɗalibanta masu zane ne, ba injiniyoyi ba, kuma allon da suke amfani da shi a lokacin, BASIC Stamp, ya kai kusan dala 100. Wani ɗalibi ɗan Kolombiya, Hernando Barragán, ya yi aikin kammala digirinsa na biyu a kan wannan matsala tsakanin 2003 da 2004. Ya ƙirƙiri Wiring, allo da saukakkiyar hanyar rubuta masa umarni, ya ɗora ta a kan manhajar Processing ta Casey Reas da Ben Fry. Reas da Massimo Banzi ne suka duba aikin nasa. A 2005 Banzi da wasu abokan aiki suka ɗauki Wiring, suka mayar da ita kan IC (ɗan baƙin guntun da ke zama ƙwaƙwalwar allo) mafi araha, ATmega8, da nufin allo ya tsaya wajen dala 30, suka sa masa suna Arduino. Sunan wata mashaya ce da suke zama a garin, ita kuma ta ci sunan wani sarki da ya hau mulkin Italiya a shekarar 1002. Cibiyar na shirin rufewa a lokacin, kuma hakan na cikin dalilan da suka sa aka saki komai a fili, don kada aikin ya mutu tare da ita.

Mutum biyar ake lissafawa a matsayin waɗanda suka kafa Arduino: Banzi, David Cuartielles, Tom Igoe, Gianluca Martino da David Mellis. Babu Barragán. A 2016 ya rubuta nasa ɓangaren labarin, inda ya nuna ba a gayyace shi cikin tafiyar ba, ba a kuma ba aikinsa matsayin da ya kamata ba. Lasisin da ya saki Wiring da shi ya halatta a ɗauka a gina a kai, don haka ba a yi masa sata ba. Amma duk ɗalibin da ke shirin sakin aikinsa ya kamata ya san wannan labari. Lasisi zai iya tilasta a ambaci sunanka a cikin fayil. Ba zai iya sa duniya ta san kai ne mafari ba.

Uno, wanda ya fito a 2010, ba wani ƙarfi gare shi ba. IC ɗinsa ATmega328P yana da wurin ajiyar manhaja kilobait 32 da wurin aiki kilobait 2 kacal, hoto ɗaya na wayarka ya ninka wannan sau da yawa. Yana da wani aibi ma da ya zama abin dariya: tazarar da ke tsakanin ƙafa ta 7 da ta 8 ba ta yi daidai da sauran ba, kuskure ne da aka yi cikin gaggawa a zanen farko. Kafin a farga an ƙera allunan ƙari masu yawa da ke hawa kansa a haka, gyara ya gagara. Yau masana'antun Shenzhen da ke buga kwafinsa suna kwafe kuskuren da aminci, domin wanda ya gyara kayansa ba zai shiga ba.

A nan ne doka ke shigowa, kuma a nan mutane suka fi ruɗewa. Haƙƙin mallaka, irin na littafi da manhaja, yana kare zanen a matsayin abin da aka rubuta ko aka zana. Ba ya kare dabarar da ke cikinsa. Idan wani ya kalli yadda ka haɗa kayanka ya zauna ya zana nasa daga farko, haƙƙin mallaka ba shi da abin cewa sosai. Mai kare dabara shi ne rajistar ƙirƙira, wadda ke da tsada da ɗaukar lokaci, ɗalibi ba ya ma dosarta. Saboda haka lasisin na'ura bai kai na manhaja kaifi ba. Arduino ya saki zanensa da lasisin Creative Commons mai sharaɗin ambaton mai asali da sakin duk gyaran da aka yi a kan irin sharaɗin, manhajarsa kuma da lasisin buɗaɗɗiyar manhaja na GPL da LGPL. Cibiyar binciken CERN da ke kusa da Geneva ta fitar da lasisi na musamman don na'urori a 2011, ta sabunta shi a 2020 zuwa iri uku, daga mai tsananta sharaɗin mayar da gyara ga jama'a zuwa mai cewa ɗauki ka yi yadda kake so.

Abu ɗaya ne Arduino bai taɓa saki ba, shi ne suna. Kana iya buga allo irin Uno sak, ka sayar, halal ne. Ranar da ka buga masa suna da tambarin Arduino kamar daga wurinsu ya fito, ya zama jabu. Kuma shaidar cewa dukiyar tana jikin sunan ita ce, a kansa waɗanda suka kafa kamfanin suka yi rigima. Kamfanin Martino, mai buga allunan a Italiya, ya yi rajistar sunan a can tun 2008, sauran kuma suna riƙe da shi a Amurka. A 2015 abin ya fito fili har kotu, aka wayi gari da kamfanoni biyu masu suna Arduino, har ɓangaren Banzi ya koma sayar da kayansa a wajen Amurka da sunan Genuino. Sai a Oktoban 2016 aka sanar da sulhu. Wannan ya amsa tambayar yadda Adafruit da SparkFun ke rayuwa. Mai saye yana biyan tabbacin cewa kayan zai yi aiki, da bayanin da aka rubuta masa tsaf, da wanda zai amsa masa idan ya maƙale. Mai kwafi kuma kullum yana bin baya ne, kafin ya gama buga na bara an fitar da na bana.

Yawancin allunan da ke hannun ɗalibai a Kano ko Zariya ko Yamai kwafi ne daga Sin, kuma babu abin kunya a ciki, ai don haka aka saki zanen. Ana gane su da ƙaramin IC mai lamba CH340 kusa da ramin USB, wanda ke sa kwamfuta wani lokaci ta ƙi ganin allon sai an saka mata direbansa, wato 'yar manhajar da ke sa ta gane shi. Haɗarin yana wajen IC na jabu. A Oktoban 2014 kamfanin FTDI na Scotland, wanda aka daɗe ana buga jabun IC ɗinsa na USB, ya saki sabon direba ta hanyar sabuntawar Windows. Direban idan ya gano jabu sai ya sauya masa lambar shaida zuwa sifili, kwamfuta ta daina gane shi. Mutane da yawa da ba su ma san jabu aka saka musu a allo ba suka tashi kayansu sun daina aiki. Surutu ya yi yawa, aka janye direban. Zanen allon a buɗe yake, amma makomarsa na hannun mai IC.

Wannan ita ce iyakar da ba a cika faɗa ba. Buɗewar tana tsayawa ne a bakin ƙofar baƙin IC ɗin nan. ATmega328P na kamfanin Atmel ne, wanda Microchip ya saye a 2016. Za su ba ka littafin bayani mai ɗaruruwan shafuka a kan yadda ake sarrafa shi, amma yadda aka tsara cikinsa sirrinsu ne. IC mai suna ESP8266 na kamfanin Espressif da ke Shanghai ya girgiza harkar a 2014 da ya kawo Wi-Fi a kan 'yan daloli, bayanansa na farko ma da Sinanci suka zo, masu sha'awa ne suka yi ta fassarawa. Shi da ƙanensa ESP32 na 2016 har yanzu manhajar da ke tuƙa rediyonsu a rufe take. Raspberry Pi, 'yar kwamfuta mai allo ɗaya da ake yawan sakawa a wannan layi, manhajarsa ce galibi a buɗe, cikakken zanen manyan allunansa ba a sake shi ba. Ƙarancin IC da duniya ta shiga daga 2020 zuwa 2022 ya nuna illar hakan: ga zane a hannu, kyauta, ga shi babu abin da za a ɗora a kai. Ana ɗan tura ƙofar. Tsarin umarni na RISC-V, da aka fara a Jami'ar California da ke Berkeley a 2010, kowa na iya gina ƙwaƙwalwa a kansa ba tare da biyan lada ba. A 2020 Google da masana'antar SkyWater suka saki ƙa'idojin zana IC na nanomita 130 a fili, kuma shirin Tiny Tapeout yana haɗa ƙananan zane-zanen mutane da yawa a kan IC guda don kuɗin ya yi sauƙi. Amma masana'antar da ke toya silikon ta biliyoyin daloli ce, ba ta ɗakin ɗalibi ba.

Ba kowa ne ke jure ganin an kwafe shi ba. MakerBot, da aka kafa a 2009 a New York, ya gina firintocinsa na 3D a kan aikin RepRap da Adrian Bowyer ya fara a Jami'ar Bath ta Ingila a 2005, jama'a kuma suka yi ta taya shi gyara kyauta. A 2012, bayan an fara tallar kwafinsa mai rahusa, ya fitar da Replicator 2 ba tare da sakin zanensa ba. Shekara ɗaya bayan haka Stratasys ya saye shi a kan hannun jari na kusan dala miliyan 400. Waɗanda suka ba da gumi suka ji an ci amanarsu, kuma ina ganin suna da gaskiya, ko da yake babu dokar da aka karya.

Ga ɗalibin da ke yin abin don sha'awa, tsadar shiga ta faɗi warwas. Manhajar zana fanel ta KiCad, wadda Jean-Pierre Charras ya fara a Faransa a 1992, CERN kuma ta zuba mata aiki daga baya, kyauta ce. Masana'antun Sin irin JLCPCB na buga ƙananan alluna biyar a kan kusan dala 2, sai dai kuɗin aikowa da canjin dala sukan ninka wannan sau da yawa kafin kaya ya iso hannu. Abin da bai yi arha ba shi ne haƙuri. Akwai ɗabi'ar da ta yi yawa a aikin kammala karatu: a sauko da taswira da manhaja, a haɗa wayoyi yadda hoto ya nuna, fitila ta kama, a kai wa malami. Tambayi mai aikin me ya sa aka sa resista mai om 220 a gaban fitilar, sai ya kalli silin. Alhali lissafin layi ɗaya ne: bolt 5 ne ke fita, fitilar na cin wajen 2, sauran 3 a raba da 220, a samu kusan miliamfiya 14, abin da fitilar da ƙafar allon za su ɗauka lafiya. Lasisi ya halatta kwafin, amma bai ce a cire sunan mai asali a sa naka ba, kuma wannan shi ne sharaɗin da aka fi takawa.

Su ma masu saki suna da nasu laifin. Ma'ajiyar GitHub ta intanet, inda ake saka fayilolin manhaja da zane, cike take da ayyukan da aka kira buɗaɗɗu, ka shiga ka tarar da hoto ɗaya mai duhu da manhaja babu bayani, babu jerin kaya, babu lasisi. Rashin lasisi kuwa a doka yana nufin mai shi bai ba kowa izini ba, ko da niyyarsa kyauta ce. Gwajin da na fi yarda da shi mai sauƙi ne: a miƙa fayilolin ga wani ɗalibi a wani gari, wanda ba shi da lambar wayar mai aikin, a gani ko zai iya haɗa na'urar ta tashi. Ƙungiyar Safecast ta ci wannan gwaji bayan hatsarin tashar nukiliya ta Fukushima a 2011, lokacin da ta saki zanen na'urar auna tururin nukiliya da aka gina a kan Arduino, 'yan sa-kai a ƙasashe da dama suka haɗa nasu da hannu, suka riƙa aika ma'auni zuwa taswira guda.

A Oktoban 2025 kamfanin Qualcomm na Amurka, mai ƙera ƙwaƙwalwar wayoyi, ya sanar da sayen Arduino, tare da sabon allo UNO Q mai ɗauke da IC ɗinsa. Kamfanonin biyu sun ce za a ci gaba da tafiya a buɗe, masu harkar da yawa kuma sun karɓi maganar da ɗari-ɗari, suna tuna MakerBot. Abin da Qualcomm ya saya shi ne sunan da ma'aikatan da ikon yanke shawarar abin da za a saki nan gaba. Zanen Uno da manhajar da aka riga aka saki ba sa cikin abin da zai iya janyewa, domin lasisin Creative Commons da na GPL ba a soke su a kan wanda ya riga ya karɓa yana kuma bin sharuɗɗansu.